Wanda Ya Zo Ɗaukar Kwamanda

Auta ba ta fito daga gida da niyyar duba shafin makarantar Yayarta ba a ranar. Aikin da ke gabanta na wani mai sayar da tayoyi ne, wanda tun safe yake damunta da waya wai hoton shagonsa ya fito a karkace. Ofishin nata ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin magani. Tebur ne da kujera, da fanka mai ƙara, da taga mai kallon bayan gidan burodi. Daga nan take kula da shafukan intanet na mutane: mai tayoyin, da wani likitan haƙori, da ƙungiyar masu ɗinki, sai makarantar renon yara ta Yaya, wadda ladan aikinta bai taɓa wuce "Allah ya yi miki albarka" ba.

Shafin intanet ba dunƙule guda ba ne. Akwai uwar manhaja, sannan akwai ƙananan manhajoji da ake liƙa mata, kowace da aikinta. Su ne 'yan sana'ar ke kira fulogin. Wani hotuna yake jerawa, wani saƙo yake karɓa. Kowane fulogin akwai wanda ya rubuta shi a wani lungu na duniya, kuma muddin yana kula da abinsa, in aka gano ɓaraka zai toshe ya aiko da gyara. Amma mutum yakan gaji, ko ya samu wani aiki, ko ya mutu. Fulogin ɗin ba ya tsayawa don mai shi ya tafi. Zai ci gaba da aiki kamar lafiya lau, ɓarakar tana nan a buɗe, babu mai toshewa.

Irin wannan ne ke riƙe da ƙofar makarantar Yaya. Kowane yaro yana da shafinsa, a ciki akwai hotunan waɗanda aka yarda su ɗauke shi da lambar wayar iyayensa. In an tashi, Baba mai gadi zai tsaya a bakin ƙofa da babbar waya a hannu, ya danna sunan yaro, ya dubi hoto, ya dubi fuskar wanda ya zo, sannan ya sa a fito da shi. Wani saurayi ne ya haɗa musu tsarin kafin ya bar ƙasar, Auta ta gaje shi a haka. Tun makon farko ta lura fulogin ɗin ya yi shekara da shekaru ba a taɓa shi ba. Ta rubuta wa mai shi, saƙon ya dawo mata. Ta gaya wa Yaya a canja.

"Abin da ke aiki me za ki taɓa masa?" in ji Yaya. "Kin san wahalar da na sha kafin iyayen nan su kawo hotuna? Ki bari sai an yi hutu."

Ba ta yi ƙarya ba, canjin yana nufin a sake shigar da kowane yaro da hannu. Suka tsayar sai hutu. Kafin nan Auta ta sa fulogin ɗin cikin waɗanda take sa wa ido, ta yadda duk wani labari da ya fito a kansa zai shigo wayarta.

Rana ta kusa tsaka saƙon ya shigo. Tana cikin daidaita hoton tayoyi ta kalli wayar da gefen ido, sai ta ajiye komai. An cire fulogin ɗin daga rumbun da ake sauko da shi. Dalili kuwa, an gano cewa duk wanda ya san hanya zai iya naɗa kansa mai kula da shafi ba tare da kalmar sirri ba. Kuma ba yau ɓarayin intanet suka sani ba, yau dai aka sanar.

Ta buɗe shafin makarantar. Fuskarsa tana nan yadda take, yara suna dariya a kan lilo, tambarin makaranta a sama. Ta shiga ciki, wurin da ake ganin masu kula. Sunanta yana nan, na Yaya yana nan, na sakatariyar da ta tafi haihuwa yana nan. A ƙasansu akwai wani, haruffa ne kawai da lambobi marasa ma'ana.

Ta saba ganin irin wannan. Yawanci tallan caca suke cusawa, ko su liƙa wa shafi hanyar zuwa wani wurin banza. Ta buɗe tarihin abin da baƙon ya yi, tana tsammanin shara za ta share.

Bai sa talla ba. Bai taɓa komai a fuskar shafin ba. Shafukan yara ya bi yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya, kwana da kwanaki, kamar mai neman wani. Sannan ya daina buɗe na kowa sai na yaro ɗaya. A safiyar ranar kuma ya yi gyara a cikinsa.

Auta ta san yaron. Kowa a makarantar ya san shi. Ɗan ajin tsakiya ne mai kumatu, wanda ake kira Kwamanda saboda shi ke jera 'yan ajinsu a layi yana ba su umarni, har malamai yakan ce musu su yi shiru. Mahaifinsa ya rasu. Uwarsa lauya ce, kakarsa ce ke zuwa ɗaukarsa mafi yawan ranaku. Hotuna biyu ne a shafinsa tun da Auta ta san shi, na Lauya da na Kaka. Yanzu akwai na wani namiji a ƙasansu. Matsakaicin mutum ne, fuskarsa fes, gashin baki a gyare, yana ɗan murmushi. A ƙarƙashin hoton an rubuta "Kawu". A wurin da iyaye ke barin saƙo kuma an rubuta: "Yau ƙanena ne zai ɗauke shi, ina kotu, Kaka ba ta jin daɗi. Na gode."

Ta dubi agogon kwamfuta. 'Yan ƙananan aji sun kusa tashi.

Ta kira Yaya. Wayar ta yi ta ringi har ta katse. Ta san inda take, a cikin aljihun tebur, don Yaya ba ta shiga aji da waya kuma ba ta yarda malamai su shiga da ita. Ta sake kira. Ta kira layin ofis, babu kowa a kujerar sakatariya. Ba ta da lambar Baba mai gadi. Idonta ya sauka kan lambar Lauya da ke shafin yaron, ta kwafa ta danna.

Ringi ɗaya aka ɗauka.

"Salamu alaikum. Daga makarantar yara nake kira," in ji Auta.

"Eh, ni ce mamansa," wata murya ta mace ta amsa da sauri. "Ƙanena ne, ku ba shi yaron. Ai na rubuta muku."

Auta ba ta ambaci yaro ba, ba ta ambaci ɗauka ba. Ta taɓa jin Lauya tana magana a taron iyaye, muryarta a ƙasa take, kuma ba ta gaggawa. Wannan siririya ce, a bayanta ana jin rediyon mota.

"Kina jina? Wace ce ke magana?"

Auta ta kashe. Sai a lokacin ta koma tarihin gyaran ta ga layin da idonta ya tsallake. Har lambar waya aka canja. Da hannunta ta sanar da su cewa wani ya fara tambaya, kuma yanzu lambarta tana wayarsu.

Ta lalubo tsohuwar lambar a kwafin shafin da ta adana makon jiya ta kira. A kashe. Lauya tana kotu da gaske, wannan ma sun sani.

Ta tilasta wa kanta zama. Idan ta goge hoton kawai, mai shigar yana iya mayarwa, wataƙila ma yana kallo a wannan lokacin. Ta ɗauki hoton allon da wayarta, ta kwashe tarihin duka ta adana, sannan ta rufe shafin gaba ɗaya daga tushe. Allon ya yi fari. Ta sauke numfashi, sai kuma wani abu ya faɗo mata a rai. Saboda intanet na yawan yankewa a unguwar, wayar Baba mai gadi takan sauko da hotunan ta ajiye a cikinta. Rufe shafi ba zai goge abin da ta riga ta sauko da shi ba. Hoton Kawu yana hannun Baba.

Ko ƙofar ofis ba ta kulle ba. Mai kantin magani ya ɗago kai yana cewa "Lafiya, maƙwabciya?" ta wuce shi a guje.

Tasi ta samu a bakin titi, suka yi tafiya kaɗan suka faɗa cunkoso. Wata babbar mota ce ta mutu a mahaɗa, an kewaye ta ana ba direban shawara. Auta ta kira 'yan sanda, ta yi bayani a hargitse. Wanda ya ɗauka ya tambaye ta ko an ɗauke yaron. Ta ce ba a ɗauke ba tukuna. Ya tambaye ta mene ne fulogin. Ta bar wannan, ta faɗa masa titin makarantar, ta maimaita, ya ce za a turo mota. Ta sake kiran Yaya.

"Hajiya, wayar nan za ki huda ta," in ji direban tasin yana kallonta ta madubi. Da ya ga fuskarta sai ya daina dariya.

Ta fita ta tare mai babur. Ba ta taɓa son babur ba, amma ranar ita ke ce masa ya ƙara wuta. Suka kutsa tsakanin motoci, gwiwarta na gogar ƙofofi. Duk motar da ta fito daga wajen makarantar sai ta leƙa kujerar baya. Addu'ar da take son yi ma ta kasa haɗa ta, kalma ɗaya take ta maimaitawa.

Da suka shawo kwanar, ta hango an buɗe ƙaramar ƙofa. Iyaye da direbobi da 'yan aiki sun yi layi a gefen katanga, wasu da lema. Baba mai gadi yana bakin ƙofa da tabarau a karan hanci, wayar a hannunsa. Kuma mutumin yana gabansa.

Ta gane shi tun daga nesa. Farar riga ce a jikinsa, a goge, da makullin mota a yatsa. A ɗaya hannun yana riƙe da 'yar motar wasa ja. Babu abin da ya bambanta shi da sauran iyayen, sai ma ya fi su natsuwa. Baba ya dubi waya, ya dubi fuskarsa, ya gyaɗa kai, ya juya ya yi kira cikin harabar.

Auta ta diro tun babur bai gama tsayawa ba. Ta so ta yi ihu, amma ta ga yara a tsaye a bayan ƙofa, ta ga hannun mutumin kusa da aljihunsa, ba ta san abin da ke ciki ba. Ta ratsa layin tana ba da haƙuri. Wata mata ta ce, "Mu da muka zo tun ɗazu fa?" Ba ta waiwaya ba.

Kwamanda ya riga ya taho. Antin ajinsu tana riƙe da hannunsa, jakarsa na lilo a bayansa, yana ba ta labari da ƙarfi. Mutumin ya durƙusa a bakin ƙofa ya ɗaga motar.

"Kwamanda, zo mu tafi. Mama na jiranmu."

Yaron ya saki hannun Anti.

Auta ta shiga tsakaninsu ta sunkuce shi. Ya fi yadda ta zata nauyi. "Kai, Kwamanda, ka bar gorar ruwanka a ofis," ta ce, muryarta na fita kamar ta wata. "Anti Babba ta ce sai ka zo da kanka." Haka yara ke kiran Yaya. Ta juya ga Baba. "Baba, na'urar ta lalace. A rufe ƙofa tukuna, kada a sake fitar da kowa."

"Ta lalace? Ga ta tana aiki, Auta."

"Baba, don Allah. Yaya ce ta ce."

Baba ya dube ta ta saman tabarau. Ya san ta tun tana zuwa kawo wa Yaya abinci. Bai ƙara tambaya ba, ya kama ƙofar.

Mutumin ya miƙe a hankali yana karkaɗe gwiwar wandonsa. Bai yi fushi ba. Ya matso har Auta ta ji ƙamshin turarensa, ya yi magana ƙasa ƙasa yadda ita kaɗai za ta ji.

"Ke ce kika kira ɗazu?"

Ta ƙanƙame yaron har ya ce tana matse shi.

"Ban gane ba," ta ce.

"Ba komai," in ji shi, ya yi murmushin nan na cikin hoto. "Zan jira."

Ta ja da baya ta shige. Baba ya tura ƙofa ya zura sakata. Nan take layin ya ɗauki hayaniya, ana buga ƙarfe, ana tambayar me ya faru. Auta ta nufi ofis da yaron a kafaɗa, Anti na biye da ita tana tambaya. Ji take kamar idon mutumin na bin bayanta ta cikin katangar.

Yaya ta fito daga aji da alli a hannu, ranta a ɓace.

"Wa ya rufe mini ƙofa? Auta, me kike yi a nan? Sauke yaron mutane."

Auta ta miƙa wa Anti yaron ta ce ta shiga da shi ciki ta kulle. Sannan ta nuna wa Yaya hoton allon. Ta yi bayani a gajarce, kalmomin na karo da juna. Yaya ta karanta saƙon da aka rubuta da sunan Lauya, ta sake karantawa. Allin ya faɗi daga hannunta.

"Lauya ba ta da ƙane," ta ce. "Ita kaɗai ce wurin Kaka." Ta dafa bango. "Yana ina?"

"Yana waje. Ya ce zai jira."

Yaya ta yi salati a hankali. Daga nan ta koma Yayar da Auta ta sani. Ta sa malamai su mayar da kowane yaro aji, su rufe tagogi, su sa su waƙa. Ta ciro wayarta daga aljihun tebur ta kira Kaka. Kaka ta ɗauka lafiyarta ƙalau, ta ce ai daga makaranta aka kira ta da safe aka ce yau yara za su yi wasan motsa jiki, kada ta zo sai yamma. Yaya ta rufe ido. Ta kira wani ɗan'uwan mijinta da ke aiki a kotu ta ce ko a gaban alƙali Lauya take a fito da ita.

Auta ta je tagar ofis ta ɗaga labule kaɗan. Ta saman ƙofa ana hango layin. Yana nan. Ya karɓi lemar wata mata yana riƙe mata yayin da take gyara goyo. Har hira suke yi. Ya ɗago kai ya dubi tagar, Auta ta saki labulen ta tsuguna a ƙasa. Daga ajujuwa muryoyin yara suka tashi suna waƙar haruffa.

Da ta sake leƙawa, matar ce riƙe da lemarta. Wurin da ya tsaya babu kowa. Can ƙarshen titi wata mota mai duhun gilashi tana shan kwana ba tare da gaggawa ba.

'Yan sanda sun iso bayan tafiyarsa. Lauya ta iso bayansu, da baƙar rigar kotu a jikinta, takalmi ɗaya ya tsinke tana jan sa. Ba ta gaida kowa ba sai da ta ga ɗanta. Ta durƙusa ta shafa kansa, ta duba hannuwansa, ta juya shi ta duba bayansa. Sannan ta karɓi wayar Auta ta daɗe tana kallon hoton.

"Ban san shi ba," ta ce. "Amma ina jin na san wanda ya aiko shi."

Kwamanda ya leƙo ya ga hoton. "Kawu ne," ya ce. "Antin nan ta hana ni motata. Jiya ma ya zo, ya ba ni alewa ta wajen lilo."

Wajen lilo shinge ne na waya, yana kallon wani lungu. Lauya ta zauna a ƙasa, a kan tabarmar yara, ta jawo shi jikinta. Sai a lokacin kafaɗunta suka fara rawa.

Ranar sai da aka kira iyayen kowane yaro ɗaya ɗaya, da lambobin da ke cikin wayar Yaya, kafin a sake shi. Washegari Yaya ta tara iyaye ta faɗa musu gaskiya, cewa wani ya shiga shafin, ya ga hotunan 'ya'yansu da lambobinsu. Auta na tsaye a gefenta. Wani uba ya tambaya tun yaushe aka san manhajar ta tsufa, Yaya ta faɗa masa. Wasu sun cire 'ya'yansu a makon. Yawanci sun zauna. Aka koma kati mai hoto, aka toshe shingen lilo da bulo.

Auta ta sake gina shafin daga tushe. Ba ta yarda da ko fayil ɗaya daga tsohon ba, don mai shiga irin wannan yakan bar wa kansa wata ƙofar a ɓoye. Ta canja kowace kalmar sirri. Hotunan yara da lambobin iyaye ta cire su daga intanet gaba ɗaya. Ta bi sauran fulogin ɗin ɗaya bayan ɗaya tana duba yaushe aka yi wa kowane gyaran ƙarshe, da ko mai shi yana amsa masu ƙorafi. Ta samu wani na jera hotuna da aka sayar wa wani kamfani da ba a san shi ba, ta cire shi ma. Sannan ta nemo wasu makarantun da ke amfani da wancan fulogin ta bi su da waya. Wasu sun ɗauka talla take yi suka kashe. Wata shugabar makaranta ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce, "Ki zo yau, don Allah."

Tsoron bai sake ta da wuri ba. Wayarta takan yi ringi da baƙuwar lamba, in ta ɗauka sai shiru, sai numfashi, sai a kashe. Ba ta sani ba ko su ne, ko layi ne kawai. Ta daina zama ofis ita kaɗai, ta kwaso kwamfutarta ta koma teburin cin abinci a gida. Mijinta ya riƙa raka ta har bakin mota. Farar riga a cikin taro takan sa ta tsaya cak. Wata rana a kasuwa wani mai gashin baki ya ce mata "Sannu," ta watsar da kayan hannunta, ashe jakarta ce ta buɗe yake son gaya mata.

Lambar matar nan da ta amsa waya ita ta kai 'yan sanda gare su. Bayan wasu makonni aka kama ta, ita kuma ta nuna inda mutumin yake. Kamar yadda Lauya ta zata, wani ne da take shari'ar fili da shi ya ɗauke su aiki, su riƙe yaron har ta janye. Ba mutumin ne ya fasa shafin ba, ko kwamfuta bai iya ba. Saya suka yi daga wani da ke fasa shafuka barkatai yana sayar da hanyar shiga ga duk mai so. Shi wannan ba a taɓa gano ko a wace ƙasa yake ba.

Aka kira Auta ta zo ta nuna mai farar rigar. Yaya ta raka ta. Aka jera maza a wani ɗaki mai warin fenti, ya tsaya a cikinsu da riga a yamutse, gashin bakin ya yi buzu-buzu. Ya fi yadda take tunawa gajarta. Ta ɗaga hannu ta nuna shi. Ya dube ta ya ɗan sunkuyar da kai kamar mai gaisuwa, wani ɗan sanda ya daka masa tsawa.

A waje suka zauna kan wani benci. Yaya ta ce Lauya ta zo da safe ta karɓi takardun Kwamanda, za su koma wani gari kusa da dangin mahaifinsa. Ba da faɗa ba, har ta yi godiya. Yaron ya jera malamai ya yi musu sallama ɗaya ɗaya, ya ce kada su yi surutu bayan ya tafi.

Suka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri.

"Abubuwan nan naki," in ji Yaya, "akwai sauransu a shafin?"

"Akwai."

"To ki cire su duka mana."

"In na cire duka babu shafi, Yaya. Waɗanda suka rage masu su suna nan suna kula. Ranar da ɗaya ya yi shiru zan gaya miki."

"Ranar ki cire kawai, kya gaya mini daga baya."

Auta ta gyaɗa kai. Wayarta ta yi ƙara a jaka, ta zabura, ta ciro ta duba. Likitan haƙori ne yake tambaya ko za ta iya canja masa lokutan aiki a shafi. Ta mayar da wayar, suka tashi suka nufi bakin titi neman mota.